Idan Wa'adin Takarda ya Cika, Alkawari ya Ƙare Ke Nan?

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Gaskiya ne, amma karin maganar ba ta faɗa mana inda ake sauke kayan ba, ba ta kuma ce ga wanda yake da ikon cewa an iso masauki ba. A zamanin iyayenmu wannan bai cika zama abin gardama ba, gama mai alkawari da wanda aka yi wa suna gari ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, kunya kuwa takan tsare abin da takarda ba ta tsare ba. Yanzu akwai wani irin alkawari wanda ake bugawa da injin ɗab'i. Mai yinsa bai taɓa ganin fuskar wanda ya yi wa ba, an kuma rubuta ranar mutuwar alkawarin tun ranar haihuwarsa. Shi ne ake kira garanti. A kansa nake so mu yi tunani tare, 'yan'uwa, ta wurin misali ɗaya, watau sabuwar mota wadda giyarta ta lalace farat ɗaya. Giyar mota fa nake nufi, kada wani dattijon ikilisiya ya ce malamin katikisma ya leƙa gidan burkutu.

Ga yadda abin yakan faru. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ko kuwa ya ci bashin banki, ya sayi mota fil daga hannun kamfani. Bai yi shekara biyu da ita ba, wata rana yana tsakiyar hanya sai ya taka totur, injin ya yi ta kuka, ƙafafun kuwa ba su san ana yi ba. Abin da yake ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa ƙafafu shi ne akwatin giya, in ya ƙi aiki kuwa mota ta zama rumfa. Bayan injin kansa, da wuya a sami abin da ya fi shi tsadar gyara a jikin mota. Sai mutumin nan ya koma gida ya buɗe jakarsa, ya fito da takardar da aka ba shi ranar ciniki, wadda tun ran nan bai sake dubawa ba.

Takardar takan faɗi wa'adi iri biyu, shekaru da nisan tafiya, wanda ya riga cika kuwa shi ne ya rufe ƙofa. A Amurka, alal misali, kamfanin Ford yakan ba sababbin ƙananan motocinsa shekara 3 ko mil 36,000 a kan dukan mota, injin da akwatin giya kuma shekara 5 ko mil 60,000, watau wajen kilomita 96,000. Sa'an nan sai a jera abubuwan da ba sa ciki, kamar abin da yakan cinye da aiki irin takalmin birki, da ɓarnar haɗari, da wadda sakacin mai mota ya jawo. Wannan ba laifi ba ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba kuwa mai hankalin da zai ce a tsaya wa ƙarfe har abada.

To, me ya sa ake bukatar takardar tun farko? Domin mai saye makaho ne a wannan ciniki. Mai sayen jaki yakan buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa yaro ya hau ya zaga da shi kasuwa. Akwatin giya kuwa a rufe yake, ba wanda zai bari ka kwance shi kafin ka biya, ko an kwance maka ma ba za ka gane abin da ka gani ba. Cinikin biri a sama ke nan, abin da kakanninmu suka hana. Garanti ita ce igiyar da aka ɗaura wa birin, mai sayarwa ya ba ka bakinta ya ce, riƙe, in ya gudu ni zan biya. Ashe ba kyauta ba ce. Kuɗinta yana cikin kuɗin mota, in ba don ita ba kuwa mutane da yawa ba za su sayi sabuwa ba.

Domin kada a ce zancen iska nake yi, bari in kawo abin da ya faru a fili, har ya kai gaban alƙali. Kamfanin Ford ya sa wani sabon irin akwatin giya mai suna PowerShift a ƙananan motocinsa, Fiesta tun daga ƙirar 2011, da Focus tun daga ƙirar 2012. Ga mai tuƙi, motar tana canza giya da kanta. A ciki kuwa kamar akwatunan giya biyu ne na hannu aka haɗa wuri ɗaya, da kuloci biyu, ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan kuma ta 2 da ta 4 da ta 6, wata 'yar kwamfuta ce take taka su a maimakon ƙafar direba. An bar kulocin a bushe, ba a cikin mai suke wanka ba, domin motar ta rage shan fetur. Dabara ce mai kyau a kan takarda. A kan hanya kuwa sai robar da take tare mai ta riƙa yoyo, mai ya taɓa kulocin da bai kamata ya jiƙe ba, mota ta riƙa karkarwa da fizga sa'ad da za ta tashi. Wani lokaci kuma kwamfutar ce takan rikice, mota ta saki giya ana cikin tafiya. A Amurka kaɗai motocin da suke da wannan akwati sun kai aƙalla miliyan 1.5.

A shekarar 2014 kamfanin ya tsawaita garantin kulocin waɗansu motocin zuwa shekara 7 ko mil 100,000, daga baya kuma ya tsawaita na kwamfutar zuwa shekara 10 ko mil 150,000. A watan Yuli na 2019 jaridar Detroit Free Press ta buga wani dogon bincike, ta ce takardun cikin gida na kamfanin sun nuna an san akwatin yana da matsala tun kafin a fara sayar da motocin. Kamfanin bai yarda da yadda jaridar ta fassara takardun ba, ya kuma ce motocinsa ba su da haɗari. Amma a watan Agusta na wannan shekara ya sake tsawaita garantin ga waɗansu motoci wajen 560,000, ya ce zai mayar da kuɗi ga waɗanda suka riga suka biya gyara daga aljihunsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙasar Ostareliya. A can hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai kamfanin ƙara a 2017, a watan Afrilu na 2018 kuwa kotun tarayya ta ci shi tarar dalar Ostareliya miliyan 10 saboda yadda ya yi da masu kawo kuka tsakanin Mayu 2015 da Fabrairu 2016. Kamfanin da kansa ya amsa laifin. An riƙa gaya wa masu mota cewa karkarwar daga irin tuƙinsu ce, alhali an san ba haka ba ne. An ƙi mayar wa mutane da yawa kuɗinsu, an ƙi canza musu mota sai sun ƙara kuɗi mai yawa a kai. Ku lura, 'yan'uwa, da yawa daga cikin mutanen nan takardarsu ba ta ƙare ba. An yi ta karɓar motocinsu ana gyarawa, suna komawa gida, ciwon yana dawowa. In ka bi baƙaƙen takarda ɗaya bayan ɗaya, za ka iya cewa an cika alkawari, gama an ce za a gyara, an kuwa gyara. Amma wa ya sayi mota domin ya riƙa kai ta gyara? Abin da mai saye ya ji ranar ciniki shi ne, wannan mota za ta kai ka inda kake so. Mai sayarwa kuwa ya san abin da ya ji ke nan, domin shi ya sa aka buga talla don ya ji haka.

Nan ne tambayarmu take. A ganina wa'adin garanti adalci ne a kan abu guda kaɗai, watau abin da dukansu biyu ba su sani ba. A cikin motoci dubu da suka fito daga masana'anta, ba makawa a sami ɗaya wadda wani ƙaramin ƙarfe a cikinta bai ƙeru daidai ba. Kamfani bai san wace ce ba, mai saye bai sani ba. Sai suka raba kasadar, kamfani ya ce shekara 5 na farko a wuyana, abin da ya biyo baya a wuyanka. In giya ta mutu a shekara ta 6 ta wannan hanya, mai mota zai ji zafi, amma ba a cuce shi ba, kamar yadda manomi biyu da suka yi tarayya a gona ba wanda zai zargi ɗan'uwansa don ruwa ya ɗauke. In kuwa ɗayan ya riga ya san irin da ya kawo ruɓaɓɓe ne, to, ba kasada aka raba ba. Ɗaya yana caca ne, ɗaya ya riga ya leƙa karta. A irin wannan hali ranar da aka rubuta a takarda ba iyakar alkawari ba ce, ta zama ranar da mai bashi yake jira domin ya tsere. Mutum kuwa ba ya kuɓuta daga bashi don ya iya jinkiri.

Wannan ba sabon tunani ba ne, ba kuwa nawa ba ne. A tsohuwar Roma masu kula da kasuwa sun kafa doka cewa mai sayar da dabba ya faɗi ciwonta, in ya ɓoye mai saye yana da wata 6 ya mayar da ita ya karɓi kuɗinsa. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi wannan tambaya a babban littafinsa na tauhidi, ko wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa. Ya raba aibi kashi biyu. Akwai na fili, kamar doki mai ido ɗaya, wanda kowa yake gani, in an rage kuɗinsa yadda ya kamata ba sai an yi shela ba. Akwai kuma na ɓoye wanda zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, kamar gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu, ko gidan da yake shirin faɗuwa. A nan, in ji shi, shiru zamba ne, mai sayarwa kuma sai ya biya ɓarnar. Dokar Faransa ta 1804, wadda ƙasashenmu masu Faransanci suka gāda, ta bi wannan sawu tun daga sashe na 1641. Ta ce mai sayarwa yana ɗauke da nauyin ɓoyayyen aibi ko da bai san da shi ba, sai ya mayar da kuɗi. In kuwa ya sani, bayan mayar da kuɗi sai ya biya dukan hasarar da ta biyo baya. Maƙwabtanmu Musulmi ma shari'arsu ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba. Mutanen da ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba duk sun tsaya a wuri ɗaya, watau sanin mai sayarwa shi ne yake ƙara masa nauyi.

Wani zai ce, kamfani ba mutum ba ne, ba shi da lamiri, me ya sa muke yi masa wa'azi? Amma ban taɓa jin an ce kamfani ya buɗe baki ya yi magana ba. Mutum ne ya zauna bayan tebur, ya dubi matar da ta kawo motarta karo na uku, ya ce mata ƙafarta ce ba ta iya tuƙi ba. Watakila an ba shi umarni. Watakila yana da 'ya'ya a makaranta, yana tsoron kada a kore shi. Ina jin tausayinsa, ba na kuma cewa nauyinsa ɗaya ne da na wanda ya ba da umarnin. Duk da haka ƙaryar ta bakinsa ta fita. Wannan irin ƙarya kuwa ta fi hana kuɗi muni, domin ba aljihun mutum kaɗai take taɓawa ba, tana sa shi ya yi shakkar hankalin kansa. Ya koma gida yana cewa ko dai ni ne, alhali hannunsa da kunnensa sun gaya masa gaskiya.

Sai dai takardar nan ba kamfani kaɗai ta ɗaure ba. Mai mota ma ya yi alkawari, cewa zai kai ta a duba a kan lokaci, zai zuba irin man da aka ce, ba zai ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Mu kuwa mun san kanmu. Motar da aka ƙera don mutum biyar, a sa mata tara, da buhunan gero a baya, da akuya a sama. A bi da ita ta cikin kwari da damina har ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ran da giya ta ƙone sai a wanke ta tas, a nemi wanda zai buga hatimin ƙarya a littafin gyara, a je a rantse cewa haka kawai ta tsaya. Mai yin haka yakan ce kamfani yana da kuɗi, ba zai ji ba. Wanda zai ji shi ne mutumin da yake bayansa a layi, wanda tasa motar da gaske ta lalace, gama ma'aikacin da aka yi wa ƙarya jiya da kunnen zargi zai saurari kowa yau. Mudun da Littafin Maimaitawar Shari'a sura 25 ya hana a riƙe iri biyu a gida ɗaya, ba a ce na mai sayarwa kaɗai ba ne.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan za su ce zancen bai shafe su ba, domin mu nawa ne muke sayen mota fil? Gaskiya ne. Yawancin motocin da suke kan hanyoyinmu an riga an ci ƙuruciyarsu a wata ƙasa kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome ko Duwala. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka zo. Irin waɗannan ba sa zuwa da takardar garanti mai aiki. Amma daidai don haka ne zancen ya fi shafarmu. Inda babu takarda, bakin mai sayarwa shi ne garanti.

A cikin ƙarar nan ta Ostareliya akwai wani zargi da hukumar ta yi a farko, cewa motocin da mutane suka mayar an sake sayar da su ga waɗansu ba tare da an faɗi ciwonsu ba. Duk wanda ya ji wannan zai ce kai, wannan rashin tsoron Allah ne. To, mu ɗauki ɗan'uwa a cikinmu wanda ya sayi mota a hannu, bayan wata biyu giya ta fara zamewa in ta yi zafi. Ya koma wurin wanda ya sayar masa, aka ce ciniki ya riga ya faɗa. Ya je wurin bakanike, aka faɗa masa kuɗin da ya kai rabin kuɗin motar. Sa'an nan bakaniken ya rage murya ya ce akwai abin da zai yi mata ta yi lafiya lau na 'yan makonni, ya isa a kai ta kasuwa. Ɗan'uwan nan ba mugu ba ne. An cuce shi, kuɗin kuwa na matarsa ne da na adashi, ga kuɗin makaranta ya matso. Zai ce ai shi ma haka aka yi masa. Zai ce mai saye ya zo da nasa bakanike ya duba, in bai gani ba ruwansa. Zai ce ban yi ƙarya ba, ba a tambaye ni ba ne.

Waɗannan dalilai uku su ne na kamfani, an dai canza musu riga. Cutar da aka yi masa ba ta ba shi izinin miƙa ta gaba ba, gama wanda zai saya ba shi ne ya cuce shi ba. Duban bakanike kuwa yana da amfani a kan abin da ido yake iya gani, shi kuma ya biya kuɗi ne musamman domin kada ido ya gani. Maganar ba a tambaye ni ba ita ce ta fi rauni. Ya kai motar kasuwa da sassafe tana da sanyi, ya sa mata kuɗin lafiyayyar mota, kuɗin nan da ya faɗa kuwa magana ne. Mai saye zai ɗauki iyalinsa ya kama doguwar hanya da ita da rana tsaka, inda giya take zamewa, watakila daidai lokacin da yake ƙoƙarin wuce babbar mota.

Abin da ya rage masa ba mai daɗi ba ne, ba zan kuwa ce masa mai daɗi ne ba. Yana iya sayar da ita, ba wanda ya hana. Sai dai ya ce giyarta tana zamewa in ta yi zafi, ga abin da bakanike ya ce gyaran zai ci, ya cire wannan daga kuɗin. Akwai masu sayen irin wannan mota da idonsu a buɗe, musamman kanikawa da masu sayar da kayan gyara, amma da arha za su saya. Dillali zai ce masa ya yi wauta, domin la'adarsa ta ragu. Matarsa watakila ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Hasarar da ya so ya sauke a kan baƙo za ta zauna a gidansa, sai kuwa in 'yan'uwa a ikilisiya, waɗanda suka iya haɗa gudummawa ranar biki da ranar jana'iza, sun ga cewa wannan ma rana ce ta haɗa gudummawa.